Firamaren unguwa ko ta kuɗi? Amsoshin tambayoyin iyaye

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana zai shiga aji ɗaya bana. Akwai firamaren gwamnati kusa da gidanmu, hedimasta ya ce bara duk 'yan aji shida sun ci jarrabawar shiga sakandare. Sai dai yara sun yi yawa, akasarinsu 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne, har da waɗanda suka fito daga tsangaya. In sa shi can, ko in daure in biya ta kuɗi? (Wani uba daga Kano)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana shi. Maganar hedimasta tana iya zama gaskiya, amma ba ta isa hujja ba. Tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, an haɗe firamare da ƙaramar sakandare sun zama shekara tara a jere, don haka wucewa daga aji shida ba wani tsauni ba ne. Abin tambaya shi ne: yara nawa ne a rajistar aji shida, nawa kuma suka zauna jarrabawar? Idan 150 ne a rajista, 90 suka rubuta, to "duk sun ci" ɗin ta bar sittin a waje.

Ka je makarantar da kanka, ranar Talata ko Laraba wajen ƙarfe goma, ba ranar da aka gayyaci iyaye ba. Ka nemi izini ka shiga aji uku. Can ake gane makaranta, domin yaron da ya gama aji uku bai iya karatu ba, da wuya ya kamo a gaba. Kwafar allo kawai zai yi ta yi har ya fita. Ka rubuto layi huɗu na Hausa daga gida, labarin da ba su taɓa gani ba. Ka zaɓi yara biyar da kanka, har da na bayan aji, kada ka bari malami ya zaɓo maka zakarunsa. Kowa ya karanta na minti ɗaya, sannan ka yi masa tambaya biyu kan abin da ya karanta. Idan uku cikin biyar suka karanta babu in'ina suka kuma amsa, ana aiki a wurin. Idan ka ga yaro yana rera karatun da ke allo kamar waƙa, amma da ka nuna kalma guda a tsakiya ya yi tsit, hadda ce.

Lissafi ma ka ba su ɗaya: 63 a cire 28. Amsa 35 ce. Wanda ya rubuta 45 ya cire 3 daga 8 ne, alamar ba a koya masa aro ba. Sai ka buɗe littattafan rubutu biyar ka duba yaushe jan biro ya taɓa su. Mako uku babu gyara, ka san malami ba ya iya bin yaran, ko ba ya zuwa.

Game da yawa, tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Makarantun cikin birni da yawa sun zarce haka nesa ba kusa ba. Amma kada ka raba yawan yara da yawan malaman da ke takarda. Ƙirga waɗanda ke tsaye gaban allo a lokacin da ka je, ka tambayi nawa ne masu NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa.

Batun 'ya'yan waye, nan ne iyaye suka fi yin kuskure. Talaucin gidan yaro ba ya hana naka karatu. Abin da ke hana shi fashi ne: idan rabin aji sun ɓace ranar kasuwa ko lokacin shuka, malami zai yi ta maimaita darasi ɗaya. Don haka rajista za ka duba, kiran safe da na rana. Ka gwada yawan 'yan mata a aji ɗaya da na aji shida. Idan sun zube sosai, talla na cinye makarantar. Yaron tsangaya kuwa ya saba zama da hadda, sau da yawa yakan kama baƙaƙe da wuri. Damuwar ita ce a haɗa ɗan shekara sha ɗaya da ɗan shekara shida benci ɗaya, don haka ka tambayi yadda ake zaunar da su.

Wannan gwajin ka yi shi a ta kuɗin ma, kada fenti da motar ɗaukar yara su ruɗe ka. Idan sakamakon ya zo kusa da juna, ka sa shi ta unguwa, ka shiga SBMC, wato kwamitin iyaye da mutanen unguwa da ke sa ido kan tafiyar da makarantar, kuɗin ka sayi littattafan karatu a gida.

Tambaya: 'Yata tana aji huɗu, kullum ta uku take zuwa, amma ba ta iya karanta saƙon waya. In ɗauko mata malamin lesin? (Wata uwa daga Gusau)

Amsa: Hajiya, ta uku cikin waɗanda ba su iya ba, ba ta nuna komai. Ki ɗauki malamin, amma da sharaɗi: ba aikin gida zai riƙa yi mata ba. Ya koma kan sautin baƙi da wasali, ba, bi, bu, daga nan zuwa kalma, sannan jimla, da Hausa tukuna kafin Turanci. Minti talatin kullum ya fi awa uku ranar Asabar. Ki saya mata littafin rubutu ɗaya na lesin kaɗai, ki riƙa duba kwanan wata a ciki. Kafin a fara, ki lura ko tana ƙanƙance ido in za ta kalli allo. Wani lokacin tabarau ne maganin. Bayan mako shida ki miƙa mata wayar ta karanta miki saƙo. Idan babu canji, ki canza malami.