Ya dace a bar matashi ya tuƙa mota mai ƙarfin inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 18, bai daɗe da samun lasisi ba. Ya matsa mini lamba in riƙa ba shi motata, irin wadda da ka taɓa totur sai ta zabura. Yaron natsattse ne, kuma ya iya tuƙi. Akwai laifi in ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Shawarata ita ce kada ka ba shi yanzu, ko da natsattse ne kamar yadda ka ce.

Sarrafa sitiyari da birki da giya abu ne da yaro kan ƙware a kai cikin 'yan makonni. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne karanta hanya, wato ka hango cewa mai tafiya a ƙasa zai tsallako, ko motar gabanka za ta tsaya ba sigina, tun abin bai faru ba. A Amurka, idan aka auna da nisan tafiyar da kowa ya yi, direbobi 'yan shekara 16 zuwa 19 sun ninka 'yan 20 zuwa sama kusan sau uku wajen shiga hatsarin da ake rasa rai. Ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa kuma, wanda ke auna haɗari ya danne zumuɗi, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Natsuwar da kake gani a gida tana iya gushewa idan abokai sun cika motar suna zuga shi.

Ƙarfin inji yana cinye lokacin gyara kuskure, kuma wannan ne ya fi damuna. A ƙaramar mota, idan yaro ya taka totur fiye da kima, sai an ɗan jima kafin gudun ya yi muni, a tsakanin nan yake farga ya ɗaga ƙafa. Mota mai ƙarfi kuwa kan kai gudun kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 4 ko 5, kuma a wannan gudun tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Idan gudu ya ninku biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkuwa yake yi sau huɗu. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin motocin nan tayoyin baya ne ke tura su. A taka totur a tsakiyar kwana ko a jiƙaƙƙen titi, sai bayan motar ya zame. Tsohon hannu zai sassauta ƙafa ya daidaita ta a hankali, sabon hannu kuwa firgita yake yi ya fizgi sitiyari, nan take mota ta ƙwace masa.

Wasu hukumomi sun mayar da batun doka. A jihohin Biktoriya da New South Wales na Ostareliya, an hana sabon direba tuƙa motar da ƙarfinta ya wuce kilowat 130 a kowane tan na nauyinta. Italiya ma ta ƙayyade ƙarfin motar da sabon direba zai hau a shekarunsa uku na farko. Lura da cewa daɗewa da lasisi suka duba, kuma ina ganin sun yi daidai, domin ɗan shekara 30 da ya koyi tuƙi jiya shi ma sabon hannu ne.

Kada kuma tsoron ƙarfin inji ya sa ka haɗa shi da tsohuwar mota da ta gaji. Nema masa mai matsakaicin inji, mai lafiyayyen birki da taya, wadda ke da na'urar hana zamewa ta ESC. Wasu motocin Ford suna da tsarin MyKey, wanda ke ba iyaye damar ƙayyade iyakar gudu. Taƙaita masa tuƙin dare da ɗaukar abokai, ɗaura bel kuma ya zama dole. Idan ya yi shekara biyu ko uku a haka ba matsala, sai ku fara fita da babbar motar tare, da rana, a busasshen titi, kana zaune a gefensa.