Ganyen Lambu, Motar Shara da Gubar Ƙarfe: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, kuma duk a kan abu ɗaya suke yawo: gubar ƙarafa da ke shiga ƙasa, da yadda take hawa ko take kasa hawa cikin abin da muke sa wa a tukunya.

Ta farko daga wata uwargida ce a Kano. Ta ce: "Malam, an gaya mini ganyen da ake kawowa kasuwarmu da ruwan Jakara ake ba shi. In daina sayen alayyahu da latas ne, ko wanki ya isa? Tumatir da kuɓewa fa?"

Hajiya, damuwarki tana kan hanya. Jakara na kwashe dattin cikin birni, rafin Getsi ya haɗe da ita ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ruwan Sharaɗa da Challawa kuwa, inda masana'antun jima ke aiki da sinadarin kuromiyam, kogin Challawa yake shiga. Da rani masu lambu da yawa ba su da wani ruwa sai wannan. Amma kafin ki yanke hukunci, ki san abin da ke faruwa a jikin shukar.

Kowace ƙwayar halittar tsiro tana da bango. Ƙashin bangon shi ne selulos, wato irin zaren da ke cikin auduga. Tsakanin zarurrukan akwai wani abu mai danƙo da ake kira pektin. Kin san shi ko ba a faɗa miki sunansa ba, domin yauƙin kuɓewa danginsa ne. Pektin sarƙa ce ta sukari mai ɗauke da cajin lantarki irin wanda ke jan ƙarfe. A ƙasa mai lafiya kalsiyam yake kamawa, ya ɗaure sarƙa da sarƙa, bango ya tsaya daram. In dalma ta zo, ta fi kalsiyam ƙarfin riƙo, sai ta ture shi ta zauna a gurbinsa. Shuka kuma ba ta zama kara zube. In ta ji guba, takan ƙara yawan pektin a saiwa, ta cire wasu 'yan murafai da ke rufe wuraren kamun, ta ƙara kaurin bango. A taƙaice tana tsare ɓarawo a zaure don kada ya shiga cikin gida. Shi ya sa mafi yawan dalma da kuromiyam a saiwa suke maƙalewa.

Kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, shi ne mai wuyar sha'ani. Bango ba ya riƙe shi da ƙarfi kamar dalma, kuma yakan bi ƙofofin da shuka ta buɗe wa sinadaran da take so, irin su zinki da manganis. Da ya shiga sai ya bi ruwa ya hau, ya taru inda ruwa ke fita, wato a ganye. Don haka latas da alayyahu da lalo sun fi tumatir da tattasai da kuɓewa tara shi. Hukumar Codex, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta sa iyakar kadmiyam a ganye miligiram 0.2 a kowane kilo. Ba ya kashe mutum rana ɗaya. A ƙoda yake taruwa shekara da shekaru. Mutanen gundumar Toyama a Japan sun ga haka: ruwan ma'adinai ya shiga gonakin shinkafarsu ta kogin Jinzu, ƙodar mutane ta lalace, ƙasusuwansu suka yi laushi, kuma sai a 1968 gwamnati ta amince cewa kadmiyam ne sanadi.

Shawarata ita ce kada ki daina cin ganye, yaranki na bukatarsa. Ki sami mai ganye guda, ki tambaye shi daga wane lambu yake saro kaya, ki fifita na fadama da na rijiya ko na bakin dam, ko da ya ɗara tsada kaɗan. Kada manyan ganye kore shar su ruɗe ki, ruwan datti cike yake da taki, ganyensa yakan fi kyan gani. Wanki na da amfani ƙwarai, domin dalmar da ke kan ganye yawanci ƙura ce da fantsamar laka, ga kuma ƙwayoyin cuta. Ki yar da ganyen latas da kabeji na waje, ki wanke sau uku a ruwa mai yawa. Abin da ya riga ya shiga cikin ganyen dai wanki ba ya fitar da shi, wuta ma ba ta ƙone ƙarfe. Karas kuwa saiwa ce, ki fere shi, kada ki tsaya ga kankara sama-sama.

Wasiƙa ta biyu daga wani manomi ne a bayan gari. Ya ce kuɗinsa sun isa ko dai motar shara uku daga juji, ko kuma mota ɗaya ta kashin shanu. Wanne zai saya?

Ɗan'uwa, in ganye za ka shuka, sayi kashin shanun. Iyayenmu sun yi noma da shara sun ci riba, amma sharar zamaninsu toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Ta yau akwai matattun batura, ɓarɓashin fenti, ƙonannun wayoyi da tarkacen rediyo. Leda kana ganinta ka tsince, dalma kuwa ba ka ganinta, kuma ba ta ruɓewa. In ta shiga gona, jikokinka ma za su tarar da ita. Idan ba makawa sai sharar, nemi ta unguwar da ake kiwo, ka guji ta kusa da garejin makanikai da masu fasa batir da masu ƙona waya, ka tankaɗe ta, sannan ka zuba ta a gonar dawa ko masara, domin ƙwayarsu ba ta tara guba kamar ganye. Kashin shanu yana da wata fa'ida kuma: ruɓaɓɓen taki na kama ƙarfe tun a cikin ƙasa, kusan yadda pektin ke yi, sai kaɗan ya isa saiwa.

Ta uku ta fi ba ni tausayi. Wani matashi ne ya rubuto cewa shekara biyar yana zuba yuriya, bana masararsa ta tsumbure, da ya tumɓuke ɗaya sai ya ga saiwar gajere ce, mai kauri, bakinta ya yi duhu. Mai shago ya ce ya ƙara buhu biyu. Ya ƙara?

Kada ka ƙara tukuna. Tsutsa ko kwanciyar ruwa na iya lalata saiwa, amma abin da ka kwatanta ya yi kama da ƙasar da ta yi tsami. Alminiyam yana cikin kowace ƙasa, a kulle, ba ya cutar da komai. Sai ma'aunin tsami da ake kira pH ya sauka ƙasa da 5.5 yake narkewa. Yuriya da sauran takin amoniya suna tsamar da ƙasa a hankali, musamman jigawa mai yashi wadda ba ta da ruɓaɓɓen taki. Saiwa na tsawo ne daga bakinta, inda bangon ƙwayoyin ke da taushi yana miƙewa. Alminiyam na manne wa pektin da sauran sarƙoƙin bangon nan, ya sandarar da shi, cikin 'yan sa'o'i saiwa ta daina tafiya. A nan dabarar da ke ceton shuka daga dalma ita ce take cutar da ita, domin bangon da ya fi kamu shi ya fi sandarewa. Saiwar da ba ta nutsa ba kuwa, ko ka juye mata buhu goma ba za ta sha ba, ga shi kwana biyar babu ruwa ta yanƙwane.

Kuɗin buhu biyun nan, cire kaɗan ka kai ƙasarka a gwada. Malamin gona zai nuna maka yadda ake ɗiba daga wurare daban-daban a gauraya, kuma ana irin wannan gwaji a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da tsangayoyin noma na jami'o'i. In tsami ne, farar ƙasa ta noma za ka saya, wato niƙaƙƙen dutsen da ke kashe tsami, a gauraya da ƙasa makonni kafin shuka. Yawanta gwajin ne zai faɗa, kada ka yi kirdado, domin in ta yi yawa ita ma tana kulle wasu sinadaran. Tokar murhu na yin irin aikin a ƙaramin fili. Ka kuma tambayi irin da ke jure tsami. A 2007 masu bincike daga Brazil da Amurka suka gano ƙwayar gadon da ke sa wasu nau'o'in dawa fitar da sinadarin tsamin lemo daga bakin saiwa, ya ɗaure alminiyam tun a waje kafin ya taɓa bango.

Ta ƙarshe daga wani uba ne da ke zaune kusa da wurin haƙar zinare. Ya ga ana tallar garin pektin a intanet, wai yana wanke dalma daga jini. Ya saya wa 'ya'yansa?

Malam, kada ka saya. Gaskiya ne pektin na kama dalma a saiwar tsiro da cikin kwalbar gwaji. Amma dalmar da ta shige jinin yaro, ta zauna a ƙashinsa da ƙwaƙwalwarsa, garin da ya sha ba abin dogaro ba ne a kanta. A 2010 yara kusan 400 suka rasu a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje. Abin da ya ceci sauran shi ne an kwashe gurɓatacciyar ƙasar saman gidaje an zuba sabuwa, an mayar da niƙa bayan gari, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma suka ba yara maganin da ke fitar da dalma, bayan an auna jininsu. Kai 'ya'yanka asibiti ka ce a auna dalmar jininsu, ko da ba su nuna alamar ciwo ba. Kada dutse ko kayan aikin haƙa su shigo tsakar gida, mai zuwa wurin ya yi wanka ya sake tufa kafin ya ɗauki yaro. A riƙa wanke hannun yara kafin cin abinci, kuma kada a bar su da yunwa, domin cikin da ba komai da jikin da ke da ƙarancin jini sun fi tsotsar dalma. Ka faɗa wa maiɗakinka ta dakata da sa wa jariri kwallin dutse, domin yawancinsa dutsen dalma ne aka niƙa.