Inji ya yanke wa ƙanina yatsu, manaja ya ce gangancinsa ne

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanina yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa nan Kano, shi ke zuba robobi a injin markaɗe, to murfin da ke rufe bel da wuƙaƙen tun da ya lalace aka cire ba a mayar ba, sun yi magana har sun gaji. Rannan injin ya fizgi hannunsa ya yanke masa yatsu uku. Manaja ya biya kuɗin asibiti ya ce shikenan, wai gangancinsa ne kuma ai lebura ne ba ma'aikacin dindindin ba, yanzu suna so ya sa hannu a wata takarda. Dan Allah yana da wani haƙƙi?
Daga wata mai karatu, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kar ya sa hannu a komai sai lauya ya karanta.

Haƙƙi kam yana da shi. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai kamfani ya killace duk wani ɓangaren inji mai haɗari, kuma dalilin sa murfin ke nan, don an san ɗan Adam yana gajiya, hankalinsa yana iya ɗaukewa bayan ya wuni a tsaye. Wanda ya cire murfi ya bar inji yana aiki ba shi da bakin kiran wani mai ganganci, wallahi wannan maganar tana min ciwo.

Sai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, ke kula da ita. Kowane kamfani zai riƙa zuba wa hukumar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa, kuma ba a yarda a cire daga albashinsu ba. Ita wannan diyyar ba ruwanta da wa ya yi laifi, in dai a bakin aiki aka ji rauni, kuma ta haɗa har da leburori da masu koyon aiki, don haka zancen ba na dindindin ba ne bai da tushe. Takardar yafe diyya ma dokar ba ta amince da ita ba.

Amma fa akwai wa'adi. Ana so ya sanar da kamfani cikin kwana 14, ya yi a rubuce ya riƙe kwafi, su kuma su kai rahoto NSITF cikin kwana 7, sannan a shigar da neman diyya kafin shekara ta cika. Ku adana takardun asibiti da rasit, a samu hoton injin tun kafin su lallaɓa su mayar da murfin, da lambar waɗanda abin ya faru a gabansu.

In kamfanin ya ƙi, ko bai ma yi rajista ba, ku je ofishin NSITF da kanku, ku kuma kai ƙorafi ma'aikatar ƙwadago ta tarayya don sufetoci su zo su duba injin, tunda akwai wani yaron a kansa yanzu haka. Kotun ma'aikata tana da reshe a Kano, sai dai ku fara jin ta bakin lauya kan wace hanya za ku bi, neman diyya a NSITF ko zuwa kotu, domin bin ɗaya na iya shafar ɗayar.