Amsa ga yarona da zai kai iyali Yanbu a hutun Sallah

Ɗana, na ji saƙonka. Ka ce Alhajin nan maƙwabcinku ya nemi ka kai shi Yanbu da iyalinsa a hutun ƙaramar Sallah, su tara har da mahaifiyarsa da ƙananan yara uku, suna son ganin teku, suna kuma son shiga ƙauyukan dabino. Ka ce kun shirya ku bar Madina da an sauko daga Idi, ku zaga ko'ina, ku juyo cikin dare, tunda waya ta nuna maka tafiyar ba ta cika awa uku ba. Kana tambaya ko tsarin ya yi.

Bai yi ba, kuma na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ka karɓi kuɗin mutane.

Hanyar ba ta da laifi, kilomita 230 ce ko kusa da haka, kwalta lafiyayya. Barcinka nake ji. Ka san yadda garin nan yake a goman ƙarshe: jigilar masu tahajjudi zuwa Harami har asuba, kwanciya sai rana ta fito. Daren Sallah kuwa babu mai runtsawa, wannan yana layin aski, wancan yana zaune a shagon tela. A sauko daga Idi, a ci abinci mai maiƙo, sai ka hau sitiyari a daidai lokacin da jikinka ya yi kwana talatin yana sabawa da kwanciya. Shayi ba ya maganin wannan, gahawa ma haka.

Na taɓa yi, shi ya sa nake faɗa maka da ƙarfi. Ina kamar shekarunka na ɗauko wani iyali daga Yanbu a daren Sallah. Mun wuce Badar kenan, ni a zatona idona biyu, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin mota ta farkar da ni. Ashe mun bar kwalta. Mutum bakwai ne a bayana, duk suna barci, sun ba ni amanar rayukansu. Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya samu, amma na fi rabin awa a gefen hanya ƙafafuna suna rawa. Tun daga ranar ban sake ɗaukar doguwar tafiya a ranar Idi ba, ko nawa za a biya.

Don haka ka koma wurin Alhaji ka ce masa tashi sai washegarin Sallah bayan asuba, kuma a kwana biyu a can. Ranar Idi ka gaida iyaye da dangi, ka kwanta da rana, da an yi isha'i ka kashe waya. In ya ce kuɗin masauki ya yi yawa, a kwana ɗaya. In ya ce ko ɗaya ba zai iya ba, to a zaɓi teku kaɗai, a bar ƙauye sai wani jiƙon, a dawo da sauran rana. Ka faɗa masa cikin ladabi. In ya ƙi ji daga bakinka, ka turo shi wurina.

Masauki kuwa yanzu ake nemansa, kafin a shiga goman ƙarshe. Yanbu ce tekun mutanen Madina, da Sallah kowa can yake nufa, ɗakunan haya sukan ƙare, kuɗinsu ya hau. Ku nemi shuƙƙa, wato sashen gidan haya, mai kaya a ciki, wadda ke da kicin, a ƙasa ko a benen da ke da lifta, saboda tsohuwa. Ka kuma tabbata an sa wurin kwananka a cikin lissafi. Kada kunya ta sa ka ce za ka kwana a mota, direban da ya kwana a kujera shi ne mai gyangyaɗi gobe. Sannan ka tambayi wace Yanbu ce masaukin yake, don uku ce. Akwai Yanbu Bahar, tsohon gari mai tashar jiragen ruwa. Akwai Yanbu Sina'iyya a kudu da ita, garin masana'antu da aka kafa hukumar gina shi a 1975, inda bututun mai da ya ratso ƙasar daga gabas, kusan kilomita 1,200, yake ƙarewa. Can ne wuraren shaƙatawa suka fi tsari, akwai ciyawa da banɗaki da wurin wasan yara. Ta uku ita ce Yanbu Nakhal, ƙauyukan da suke son gani. Na sha ganin sabon direba yana zaga wani gari alhali ɗakin da aka kama yana wani.

Batun mota ka san shi, ba zan ja ba. Duba lambobi huɗun nan na gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Taya mai tsufa ko zanenta bai cinye ba tana iya fashewa. Duba safaya da jak, ka tabbata sanyin na'ura yana kaiwa kujerun baya. Istimara, wato takardar rajistar mota, da fahas, wato takardar gwajin lafiyarta, da inshora duk su zama da sauran kwana, kuma tunda motar ba sunanka take ba, a sa maka izinin tuƙa ta a manhajar gwamnati ta Absher. Yaro ƙarami ba ya zama gaba, kowa ya ɗaura bel, kyamarorin Sahir masu kama laifin tuƙi ba su san Sallah ba.

Ku tafi da karin kumallo daga gida, da ruwa katan biyu. A kwanakin Sallah shaguna da yawa ba sa buɗewa sai yamma ta yi, ba na so ka shiga neman burodi da yara suna kuka. Ku yada zango a Badar, wajen kilomita 150 daga Madina. Kada ka wuce da su don sauri. Nan aka gwabza ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira, nan maƙabartar shahidai 14 take, ga masallacin Arish kusa. Ka lura da Hajiya tsohuwa a wurin. Sau da yawa idan an koma gida, yara suna labarin teku, tsofaffi Badar suke ta ambato. Ka ba ta lokaci ta yi addu'arta, kai kuma ka miƙe ƙafa, ka wanke fuska. Maganar ƙasaru ka bar wa Alhaji, tafiyar dai ta wuce mil 48, zaman kuma bai kai kwana huɗu ba.

Za ku shiga Yanbu da hantsi. A sauke kaya, a huta, kai ma ka kwanta. Teku sai bayan la'asar. Yanbu gari ne mai iska, takan taso da yamma, don haka a tafi wa yara da rigar sanyi ko da rana ta yi zafi. Wanka sai inda allo ya nuna an yarda, inda aka hana kuwa akwai dalili. Bahar Maliya ba irin rafin da iyayenmu suka sani a gida ba ne: ruwa yana iya tsayawa a gwiwa har nesa, sai kwatsam ƙasa ta yanke, zurfi ya buɗe. Duwatsun murjani kuma suna yanka ƙafa kamar reza, a saya wa yara takalmin roba. Kula da yara aikin iyayensu ne, amma ƙidaya taka ce. Duk lokacin da za ka rufe ƙofa, ka ƙirga kawuna tara kafin ka tada mota.

Da dare ka kai su tsohon gari, su ga gidajen nan masu tagogin katako da aka sassaƙa, su shiga kasuwar dare da ake kira Suƙul Lail, inda ake sayar da busasshen kifi da dabino. In za a ci kifi, a tambayi kuɗin kilo kafin a ɗora a sikeli. Najil ya fi tsada, shu'ur da hamur ma suna da daɗi, a haɗa da shinkafar sayyadiyya. Amma ku yanke lokacin komawa tun da wuri, ƙarfe goma sha ɗaya. Mutanen gari za su kai asuba a bakin ruwa, iyalin ma za su so. In sun nace, su hau tasi su dawo, kai ka tafi ka kwanta.

Ƙauye na safiya ne, kuma shi kaɗai za a ba safiyar. Yanbu Nakhal tana wajen kilomita 50 daga bakin teku, ta cikin kwari tsakanin duwatsu. Sunan Yanbu kansa daga ɓuɓɓugowar ruwa ya samo asali, don wurin idanun ruwa ne tun zamanin da. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iso yankin a fitar Zul Ushaira, watanni kaɗan kafin Badar, kuma Sayyidina Aliyu yana da gonaki da idanun ruwa a can waɗanda ya yi waƙafi da su. Ka gaya musu wannan a hanya, yana sa a kalli wurin da wani ido. Sai dai kada ka yi alkawarin abin da ba a hannunka yake ba. Idanu irin na Jabriyya da na Mubarak ruwan sama suke bi, wata shekara suna gudu, wata shekara su ja baya. Ka tambayi direban da ya je kwanan nan. Nunannen dabino kuma ba za su tarar a bishiya ba, sai bazara ta yi nisa. Yanzu da ƙaramar Sallah ke faɗowa a watan Maris, abin da za su gani shi ne manoma a saman bishiya suna sa furen namiji a cikin na mace, kuma abin kallo ne ga yaron da ya tashi a birni.

Gonakin nan masu su suna nan. A yi sallama, a nemi izini kafin a shimfiɗa tabarma, kada a ɗauki hoton matan mutane, a kwashe shara a tafi da ita. Kai baƙo ne ka kawo baƙi, abin da suka ɓata sunanka zai bi. In ka hango hadari a kan duwatsu, ko da inda kuke rana ce tarwai, ka fitar da mota daga cikin kwari. Ambaliya takan zo daga ruwan da aka yi a wani wuri can sama.

Dawowa Madina da safiyar rana ta uku, bayan karin kumallo. In kwana ɗaya kuka yi, to ku baro ƙauye kafin azahar, ka samu ko awa ɗaya ka runtsa, ku kama hanya ƙarfe biyu, magariba ta same ku a gida. Raƙumi a kan hanya da dare ba a ganinsa sai an zo kansa.

Kuɗin aiki ku gama shi tun yanzu, a faɗi wanda zai sha mai, wanda zai biya abincinka da ɗakinka, a karɓi rabi kafin tashi. Ranar 27 ga azumi ka kawo mini motar bayan la'asar, mu duba tayoyin tare.