Me zan sha da wannan abincin?

Ɗana, ka tambaye ni me za ka ce wa baƙo idan ya gama zaɓen abinci ya ɗago kai ya ce, "To, me zan sha da wannan?" Ka ce kai dai abin da kake yi shi ne ka jero masa sunayen abin da ke cikin firij, in ya yi shiru ka kawo masa lemon kwalba mai sanyi, tunda ba ka taɓa ganin wanda ya mayar da shi ba. Na ji daɗin tambayar, don da yawa sun tsufa a wannan aiki ba su taɓa yi wa kansu ita ba.

Takardar abinci na gaban mutumin nan, ya riga ya ga sunayen. Abin da yake nema a wurinka shawara ce ta wanda ya san abincin gidan. Saboda haka kafin ka buɗe baki, dubi abin da ya yi oda, sannan ka dubi shi kansa da waɗanda suka zo tare. Abinci ne mai gida a kan teburi, abin sha ɗan rakiya ne. Idan mutum ya tashi yana yabon lemo ya manta da ɗanɗanon kazar da kuku ya ɓata lokaci a kanta, to aikinmu bai yi kyau ba.

Ruwa kake fara ajiyewa, tun kafin a tambaye ka. Iyali sun shigo da ƙishirwar hanya, yara na ƙorafi; in lemo ya fara sauka, sai su kwankwaɗe shi kafin abinci ya iso, zaƙi da gas su cika musu ciki, faranti ya koma kicin da rabinsa. Za ka kuma haɗu da masu cewa shan ruwa ana cikin cin abinci yana lalata narkewarsa. Ba haka ba ne, ciki ya san aikinsa. Amma kada ka yi musu da baƙo a kan wannan, ka ajiye ruwan ka wuce.

Yanzu ga farantin. Fara da maiƙo, domin shi ya fi yawa a gidan abinci irin namu: soyayyar kaza, soyayyen dankali, gasasshen nama mai kitse. Loma uku huɗu na farko santi ne, daga nan mai ya lulluɓe harshe, abincin ya fara ginsar mutum. Abin da ke wanke wannan mai shi ne tsami, ko gas, ko baurin shayi. Don haka ruwan lemon tsami da aka ɗan sa wa sukari, ko ruwa mai gas da yankan lemon tsami a ciki, ko baƙin shayi mai sanyi, kowanne zai mayar wa mutum da bakinsa sabo a kowace kurɓa. Lemon kwalbar da kake kawowa ma yana wannan aiki, shi ya sa ba a mayar maka da shi. Matsalarsa sukarin da ke tafe da shi, zan zo kanta. Abin da ba na so in gani shi ne ka haɗa wa mutum soyayyen abinci da haɗin madara mai kauri da ayaba a ciki. Nauyi ne a kan nauyi, ba zai kai rabin faranti ba.

Yaji kuwa dokarsa daban ce, kuma nan ne yaran aiki suka fi yin kuskure. Ka ga mutum yana hura baki, gumi na tsatstsafo masa a goshi, hancinsa ya fara zuba, sai ka ruga ka kawo ruwan ƙanƙara. Zai ji sauƙi muddin ruwan na bakinsa, yana haɗiyewa raɗaɗin ya dawo. Dalili shi ne sinadarin da ke sa barkono zafi, wanda ake kira kafsaisin, ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa. Ruwa yawo kawai yake yi da shi a baki. Lemo mai gas kuma yana iya ƙara abin, don gas ɗin kansa yana tsikarar harshe. Madara ce maganinsa, ko yogot, domin suna da maiƙo, suna kuma da wani furotin da ke kama sinadarin ya tafi da shi. To duk wanda ya yi odar abinci mai yaji sosai, tun daga farko ka ce masa, "Yallaɓai, wannan yana da zafi, in kawo maka yogot mai sanyi ka ajiye a gefe?" Amma ka tambaya, kada ka ɗora wa kowa. Manya da yawa a duniya cikinsu ba ya karɓar madara, tana sa musu kumburi da murɗa, ko da yake yawancinsu suna iya shan yogot. Wanda ba ya shan ko ɗaya, ba shi abu mai ɗan zaƙi marar gas, ka ƙara masa burodi ko farar shinkafa.

Kifi da abinci marar nauyi suna son abin da ba zai danne su ba: ruwa, ko lemon tsami da ganyen na'a-na'a. Abinci mai tumatir da yawa ya riga ya zo da tsaminsa, kada ka ƙara masa wani. Kayan zaƙi na ƙarshe kuma, irin su kek, gahawa ko shayi marar sukari ne abokinsu. In ka haɗa zaƙi da zaƙi, sai ɗayan ya koma salam a baki.

To dubi mutanen. Gidan abincin iyali ne wannan, rabin kujerunmu yara ne a kai, kuma abin da muke zuba musu yana damuna ƙwarai. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 yana da sukari kimanin giram 35, wato kusan cokalin shayi tara. Hukumar Lafiya ta Duniya a shekarar 2015 ta ba da shawara kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, wanda ga babba ya kama wajen giram 50, ta kuma ce in an sauko zuwa wajen giram 25 ya fi. Wannan na babba ke nan. Ka ɗora gwangwani guda a gaban yaro ɗan shekara biyar ka yi lissafin da kanka. Kada kuma ruwan 'ya'yan itace ya ruɗe ka don an ce daga itace ya fito. Da zarar an matse an tace, sukarinsa ya shiga wancan lissafin. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka a 2017 ta ce kada a ba jaririn da bai cika shekara ba ruwan 'ya'yan itace, ɗan shekara 1 zuwa 3 kuma kada ya wuce wajen mililita 120 a rana. Zuma ma ba a ba wanda bai cika shekara ba, ko ɗigo, don tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. In uwa ta ce a sa wa jariri zuma a ruwan ɗumi, ka faɗa mata wannan cikin ladabi.

Mu ba likitoci ba ne, kuma ba mu muka haifi yaran ba. Abin da ke hannunka shi ne yadda kake tambaya. Kada ka sunkuya wajen yaro ka ce, "Wane lemo kake so?" Ka ɗaure wa uwarsa hannu ke nan, in ta hana a yi kuka a gaban jama'a. Ita za ka fuskanta: "Hajiya, yara fa? Akwai ruwa, akwai madara, akwai ruwan lemon zaƙi da za mu iya sirka musu." Ka kawo a ƙaramin kofi mai murfi, kada ka cika shi, ka ajiye shi nesa da gwiwar hannun yaron. Abu mai zafi kuwa, har abada ba ya bi ta saman kan yaro. Zagaya ko da hanyar ta yi nisa.

Sai masu larura. Mai ciwon sukari ya ce marar sukari yake so, ka zuba kofi biyu kala ɗaya a tire, ka isa teburi ka manta wanne ne wanne. Kada ka yi canke. Koma ka sake zubawa, ko tun farko ka kawo masa gwangwanin a rufe ka buɗe a gabansa. Wanda ya ce jikinsa ba ya son gyaɗa ko madara, ba wai ƙyama yake yi ba, abin na iya toshe masa numfashi. A wanke injin markaɗe tas kafin a yi nasa. Ruwan garehul kuma, wato babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci da ake kira grapefruit, yana karo da wasu magungunan hawan jini da na rage kitsen jini, don haka in akwai shi a cikin wani haɗi, ka ambata, musamman ga dattawa. Gahawa kofi guda tana da kafeyin, sinadarin da ke hana barci, wajen miligiram 80 zuwa 100, shayi kusan rabin haka. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyakar miligiram 400 a rana ga babba, 200 ga mai juna biyu. Kafeyin yana ɗaukar wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, shi ya sa da dare nakan so ka ambaci shayin citta ko na na'a-na'a tare da gahawar, mutum ya zaɓa. Baƙin shayi kuma yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga wake da ganye in an sha su tare, ruwan lemon zaƙi kuwa yana ƙara shi. Mai ƙarancin jini, shayinsa ya fi kyau bayan an ɗan jima da cin abinci.

Ko ka zaɓi abin da ya dace, hannunka na iya ɓata shi tsakanin firij da teburi, kuma yawancin ɓarnar wajen ƙanƙara take faruwa. Ƙanƙara abinci ce, cikin mutum za ta shiga, kuma daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take yi. Ruwan da ba za ka sha ba, ba a yin ƙanƙara da shi. Ba a ɗiba da hannu. Ba a kuma cusa tambulan cikin akwatin ƙanƙara a kamfato, domin in bakinsa ya ɓalle a ciki, idonka ba zai raba gilashi da ƙanƙara ba. Ranar da haka ta faru, ko gidan ya cika maƙil, a narkar da ita duka da ruwan zafi, a wanke akwatin, a sake sabuwa. Cokalin ɗiba yana da mazauninsa a waje, ba a barin mariƙinsa kwance a ciki.

Wani abin da ba kowa ya lura da shi ba: ƙwaya biyu na ƙanƙara a cikin lemo mai ɗumi sun fi saurin tsinka shi a kan tambulan da aka cika da ita aka zuba lemo mai sanyi. 'Yan kaɗan ɗin narkewa suke yi nan take. Lemon ya fito daga firij da sanyinsa, wajen digiri 4, don sanyi ne ke riƙe gas, shi ne kuma ke rage kaifin zaƙi. Shi ya sa lemon da ya huce yake zama kamar ruwan alewa. Karkata tambulan ka zuba a hankali ta gefe, gas ɗin ya zauna. Tambulan da ya fito daga ruwan zafi yanzu, bar shi ya huce, in ba haka ba ƙanƙara za ta tsaga shi. Ɗaga shi sama ka duba ta haske, ka sansana. Ƙarnin ƙwai ko ƙamshin sabulu ya isa ya kashe duk abin da ka zuba. Riƙe shi ta gindi, yatsanka bai da hurumi a inda leɓen mutum zai sauka.

Lemon tsami kuma a wanke bayansa kafin a yanka, tunda da ɓawonsa yake shiga kofi. Kada ka matse na yini guda tun da safe, kafin yamma ƙamshin ya tafi ɗaci ya shigo. In ka haɗa ka ji kamar da saura, kafin ka ƙara sukari gwada ɗan mitsitsin gishiri, yana danne ɗaci ya fito da zaƙin da ke ciki.

Na san akwai gidajen da ke koya wa yaransu su tura abin da ya fi tsada, don abin sha ya fi abinci riba. Gaskiya ne ya fi. Amma magidancin da ya kawo iyalinsa ya lissafa aljihunsa tun daga gida, kuma yana gane wanda ke ba shi shawara da wanda ke tallata masa haja. Faɗi abu biyu kacal, da dalilin kowanne a taƙaice. In ya ce shi ruwa ya ishe shi, ka kawo da fara'ar da za ka kawo mafi tsada. In kuma ya ji shawararka ya ce shi dai lemonsa yake so da kifinsa, bakinsa ne, kawo masa da sanyinsa.

Gobe ka zo da wuri kafin a buɗe. Zan sa kuku ya ajiye maka ɗan yankin soyayyar kaza da cokali biyu na miyar da ta fi kowace yaji. Ka jera ƙananan kofuna biyar: ruwa, ruwa mai gas, lemon tsami, yogot, baƙin shayi. Kowace loma ka bi ta da kurɓa ɗaya, ka dakata ka ji abin da ya rage a harshenka. Idan ka gama, ka same ni a kanta ka faɗa mini wanne ka zaɓa wa kazar, wanne kuma ka zaɓa wa miyar.