Janaretana ya kasa ciyar da motonsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai sha'awar haɗe-haɗen lantarki. Na ciro ƙananan moto biyu masu bolt 12 daga tsofaffin na'urori, na haɗa su da bel. Batir yana juya na farko, na biyu kuma yana ba da wuta a matsayin janareta, sai na mayar da wutarsa cikin batirin, ina sa ran abin zai riƙa tafiya da kansa kamar yadda nake gani a YouTube. Amma kullum batirin mutuwa yake yi. In ƙara naɗin waya ne, ko in nemi maganaɗisu mai ƙarfi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wasiƙarka ta faranta min rai, domin wanda ya kai ga haɗa bel da gwada waya da hannunsa ya riga ya yi nisa. Sai dai gaskiya ɗaya ce: ko ka ƙara naɗi, ko ka canja maganaɗisu, wannan haɗin ba zai taɓa ciyar da kansa ba. Laifin ba na hannunka ba ne.

Kafin ka ci gaba da karatu, ɗauki moton nan na biyu, ka cire bel ɗin. Murza sandarsa da yatsunka, wayoyinsa biyu a rabe. Za ka ji yana juyawa salin-alin. Yanzu haɗa bakin wayoyin da juna, ka sake murzawa. Ka ji ya yi nauyi, kamar wani ya riƙe shi daga ciki? Ranar da na fara jin wannan nauyin a yatsuna na fahimci janareta fiye da duk abin da na karanta a littafi.

Ga abin da ke faruwa. A 1831 Michael Faraday ya gano a Landan cewa in maganaɗisu ya gilma kusa da naɗin waya, wuta na tasowa a cikinta. Shekara uku bayan haka, a 1834, Heinrich Lenz ya bayyana sauran labarin: wutar da ta taso tana haifar da nata maganaɗisun, wanda ke turje wa juyin da ya haife ta. Wato iya wutar da ka ja daga janareta, iya nauyin da ya ɗora wa moton da ke juya shi, shi kuma moton sai ya ƙara zuƙar batir. Ga kuma asara a hanya. Taɓa jikin moton bayan minti goma ka ji ɗumi. Ƙarfin batirinka ne ya zama zafi a cikin wayar jan ƙarfe, da boris, da burushin kabon, da gugar bel. A ce moton yana mayar da kashi 70 cikin 100 na wutar da ya sha zuwa juyi, janaretan ma kashi 70 na juyin yake mayarwa wuta. Abin da zai koma batir kashi 49 ne kacal, tun ba a lissafa asarar caji ba.

Masu irin wannan buri sun daɗe. Tun 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faransa ta daina duba zanen injin da ake cewa zai juya kansa har abada. Bidiyon da kake gani kuwa, in abin ya ci gaba da juyawa, to akwai batir ko waya a ɓoye, kuma yana ɓata min rai yadda ake yaudarar yara masu basira da su.

Maganar naɗi: ƙarin zagaye da siririyar waya yana ɗaga bolt, amma wayar ba za ta ɗauki wuta mai yawa ba. Maganaɗisun niyodimiyam yana sa ka samu bolt mai kyau ko da juyin a hankali ne. Ka kula da shi, yana matse yatsa har ya fasa fata, kuma gama-garinsa yana fara rasa ƙarfi in zafi ya wuce digiri 80 a ma'aunin Celsius.

Shawarata ita ce ka cire moton farko gaba ɗaya, ka ba janaretan ƙarfi daga waje: fukafukin da iska ke juyawa, ko ruwa mai gudu, ko fedar keke. In ka samu tsohuwar firinta, duba cikinta, sau da yawa akwai moto mai waya huɗu ko shida wanda ke kunna ƙwan LED da murzawar hannu kawai. Wutarsa mai kai-da-komo ce, saboda haka kowane naɗi yana buƙatar gadar dayod huɗu, wato haɗin da ke mayar da wutar ta riƙa bin hanya ɗaya, kafin ta yi caji, kuma gadar za ta cinye kusan bolt 1.4. Sa mita ka auna bolt ɗin ba kaya, sannan ka auna da ƙwan a haɗe, ka rubuto min lambobin biyu mu duba girman fukafukin da zai dace.