Kashi goman da benci ke biya

Jiya muna loda katako a bayan a-kori-kura ka ce da ni: "Maigida, mutumin nan mai ba da aiki ya ce in muna son kwangilar bencin makaranta sai mun ware masa kashi goma. Kowa haka yake yi. Mu don muna zuwa coci sai mu zauna da yunwa?" Na yi shiru saboda direba na kasa kunne. Yanzu ajiye zarton nan, ɗana, ka zauna.

Bari mu fara da lissafi kafin mu kai ga Littafi Mai Tsarki. A ce benci ɗari biyu ne. Kuɗin da muka rubuta ya ƙunshi katako, ƙusa, gam, fenti da ladan hannunmu, babu rarar da ta kai kashi goma. To daga ina za ta fito? Daga jikin bencin. Za ka shiga Kasuwar Katako nan Jos ka wuce maɗaci da loko kamar ba ka san su ba, ka kwaso ɗanyen malaina. Inda ya kamata ka huda ka zura ƙafa ka sa gam, sai ka buga ƙusa biyu, fenti ya rufa asiri. Wanda zai zo duba aikin kuwa shi ne ya ci kuɗin, me zai gani? Abin da Fitowa 23:8 ke faɗa ke nan, cewa toshiyar baki takan makantar da mai ido. Hunturu ɗaya ya isa: katakon ya bushe ya tsage, ƙusa ta saki, gara ta ƙarasa sauran.

Ba labari aka ba ni ba. Ina sabon buɗe shago na yi irin wannan aikin, na bayar, na samu, har na kai zakka coci daga ribar ina jin daɗi. Bayan shekara na raka 'yar ƙanwata wannan makarantar, na tarar da yara a ƙasa, bencina jibge a bayan aji kamar itacen girki. Na gane su da irin yankan da nake yi wa kusurwa. Babu wanda ya ce mini uffan, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi.

Za ka ce ai goro al'adarmu ce. Haka ne, kuma ban hana ka kyauta ba. Mai shayin da ya nuna wa baƙo shagonmu, in an gama aiki ka kai masa tukwici a gaban kowa. Amma duba lokaci, ka duba wuri. Abin da ake nema kafin a sa hannu, a cikin mota, gilas a rufe, wanda ba za ka iya rubuta shi a rasit ba, sunansa dabam ne ko an kira shi na goro. Karin Magana 17:23 ta ce mugu a ɓoye yake karɓa. Doka ma ba ta raba mai bayarwa da mai karɓa: wadda ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a 2000 ta tanadi ɗaurin shekara 7 ga kowannensu.

Ni dai labarin Bulus ne ke riƙe ni, a Ayyukan Manzanni 24. Gwamna Filikus ya tsare shi a Kaisariya, yana ta aikawa a kawo shi hira, ashe kuɗi yake sa rai. Bulus ya riga ya faɗa a gabansa cewa gudummawa ya kawo wa mutanensa, don haka gwamnan ya san akwai masu iya haɗa masa. Shekara biyu cur, har aka canja gwamna, Bulus yana tsare. Wa'azin da zai yi a waje a shekara biyun nan ba hujja ce babba ba? Duk da haka bai sayi ƙofar ba. Mu kwangila kawai za mu rasa.

Shingen hanya kuwa, nan ba zan yi maka fuska biyu ba. Mai bindiga ya tare ka da dare, kaya a mota, wannan ƙwace ne, kuma shi Yahaya Mai Baftisma ya gargaɗa a Luka 3:14 da ya ce sojoji su daina ƙwace, albashinsu ya ishe su. Na sha miƙawa, ban kuma taɓa isa gida da farin ciki ba. Abin da na koya shi ne takardun mota da na katako su cika, mu tashi da rana, in an ce mu faka mu faka mu jira. Sau da yawa su ke gajiya.

Gobe za mu kai takardarmu da farashin gaskiya, da sunan katakon a rubuce. In ya sake tambaya, ka bar ni da shi, zan gaishe shi da ladabi in ce ba ma yi. Wataƙila mu rasa. Ƙofofin matar nan ta Bukuru guda shida suna jira, kuma ta biya rabi. Tashi ka duba ko gam ɗin ta farkon ya kama.